Babban Allon Kwamfuta: Abin da Mai Saye daga Sabon Birni da Isa Zai Auna Kafin Ya Biya

A garuruwa irin Sabon Birni da Isa, kwamfuta ɗaya a shagon buga takardu ita ke ɗauke da aikin unguwa guda. A kanta ake tsara katin ɗaurin aure da kalandar saukar Alƙur'ani, a kanta ake gyara hoton fasfo, a buga takardar neman aiki, a jera sunayen 'yan ƙungiyar manoma, a zana fastar ɗan takara idan kakar siyasa ta kama. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ɗalibai ma sun shiga sahun masu zama gaban allo don su saba da shi kafin ranar jarrabawa. Mafi yawan wannan aiki a kan laftof mai allo inci 14 ko 15 ake yin sa, mai aiki ya duƙa, ya matse ido, mai kaya na tsaye a bayansa yana leƙe. Don haka ba abin mamaki ba ne idan matashin da ya ɗan tara jari ya fara tunanin sayen babban allo, wanda 'yan kasuwa ke kira monita.

Tunani ne mai kyau, domin babban allo na rage wahala, yana kuma ƙara saurin aiki. Sai dai da yawa daga cikin masu saye abu ɗaya suke tambaya: inci nawa ne? Ra'ayina shi ne wannan tambaya ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin tambayoyin da ya kamata a yi. Allo nagari shi ne wanda ya dace da aikin da za a yi da shi, da kwamfutar da za a haɗa shi da ita, da wutar da za ta ciyar da shi, da kuma zafi da ƙurar ɗakin da zai zauna. Wanda ya taso daga gabashin Sakkwato ya je birnin Sakkwato ko Kano saye, a kan hanyoyin da kowa ya san halin tsaronsu a shekarun nan, ba shi da damar komawa gobe ya ce a canza masa. Dole ya gama bincikensa kafin kuɗi su bar hannunsa.

Girma da yawan ɗigo

Incin da ake faɗa ba faɗin allo ba ne, awo ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Allo mai inci 27 faɗinsa wajen santimita 60 ne, mai inci 32 kuwa wajen santimita 71. Yana da kyau mutum ya auna teburinsa tun daga gida.

Hoton da ke kan allo tarin ƙananan ɗige-ɗige ne masu haske, kuma yawansu shi ke sa rubutu ya fito tas ko ya fito da gefuna masu kaushi. Allon da aka rubuta wa Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimilla miliyan biyu da 'yan kai. Wanda ake kira QHD yana da 2560 da 1440. Mai 4K yana da 3840 da 2160, wato ninki huɗu na Full HD. Abin lura shi ne ana iya shimfiɗa adadin ɗigo ɗaya a kan ƙaramin allo ko babba. Kamar masaƙi ne da aka ba zare daidai na zane ɗaya aka ce ya saƙa bargo da shi: zai yi faɗi, amma saƙar za ta yi sako-sako har ana hango rana ta cikinta.

Lissafin a fili yake. Full HD a kan inci 24 na ba da ɗigo wajen 92 a kowane inci, kuma wannan ya wadatar ga rubutu. A kan inci 27 sai ya sauko zuwa 82, a kan inci 32 ya koma 69, inda mai zama kusa zai fara ganin haƙoran haruffa. QHD a kan inci 27 na ba da wajen 109, shi ya sa masu aikin zane da yawa ke ɗaukar wannan haɗi a matsayin madaidaici. 4K a kan inci 32 na kai wa wajen 138. Rubutu ya yi kyau ƙwarai, amma yakan yi ƙanƙanta har sai an shiga saitin Windows an ƙara masa girma. Saboda haka allo mai inci 32 da Full HD bai ƙara wa mai shi wurin aiki ko kaɗan a kan mai inci 24 ba. Layukan Excel da zai gani ɗaya ne, sun dai kumbura.

Irin gilashin da ke ciki

Allunan da suka cika kasuwa iri uku ne, kuma ana rubuta irin a jikin kwali ko a same shi ta lambar samfurin da ke bayan allon. Na farko TN, shi ne tsohon yayi kuma mafi araha. Aibinsa shi ne launi na canzawa da zarar an kauce daga tsakiyarsa: daga sama ya yi fari fat, daga ƙasa ya yi duhu. Na biyu IPS, wanda kamfanin Hitachi na Japan ya fito da shi a 1996, yana riƙe launinsa ko daga gefe aka kalle shi. Na uku VA, baƙinsa ya fi zurfi, domin tazarar da ke tsakanin farinsa da baƙinsa takan kai ninki 3000, alhali na IPS yakan tsaya wajen ninki 1000. Wannan ya sa VA ya fi daɗin kallon fim a ɗaki mai duhu, ko da yake launinsa na ɗan gushewa daga gefe.

Wannan bambanci ya fi shafar shagunanmu fiye da ofisoshin da mutum ke aiki shi kaɗai. A nan ba a tsara kati sai mai shi na wurin. Mai aiki na zaune, uban amarya na tsaye a kansa, abokin ango ya leƙo ta gefe. Idan allon TN ne, kowannensu launi daban yake gani. Na zaune ya ga shuɗi mai duhu, na tsaye ya ga shuɗi mai haske, a yi ta ja-in-ja a kan abin da ba laifin kowa ba ne. Ga mai irin wannan sana'a, IPS mai inci 24 ya fi TN mai inci 32 nesa ba kusa ba.

Akwai kuma OLED, wanda kowane ɗigonsa ke ba da haskensa da kansa, baƙinsa kuwa baƙi ne ƙirin. Yana da tsada, kuma hoton da ya daɗe a wuri ɗaya, irin layin ƙasa na Windows, na iya barin tabo a jikinsa. Zafi na ƙara saurin wannan lalacewa. Ban ga dalilin da mai shagon buga takardu zai kai kuɗinsa can ba.

Launi mai faɗin gaskiya

Allon da ke jan ido a kanti ba lalle ne ya zama mai gaskiya ba. Masu sayarwa kan bar shi a saitin da ke tsananta launi, ja ya yi jawur, kore ya yi shar, haske ya kai ƙarshe. Mai zane kuwa abin da yake bukata shi ne abin da ya gani a allo ya yi kusa da abin da zai fito a takarda. Akwai ma'aunin launi da ake kira sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka tsara a 1996, kuma a kansa aka gina yawancin hotunan waya da na intanet. Allon da aka rubuta yana cika kashi 99 ko 100 na sRGB ya isa duk aikin kati, fasta da hoto. Waɗanda ke cika ma'auni mafi faɗi, irin Adobe RGB, na manyan ɗakunan ɗab'i ne.

Ko da allo mai kyau, dole a san cewa shi da firinta ba hanya ɗaya suke bi ba. Allo na haɗa hasken ja, kore da shuɗi. Firinta na zuba tawada huɗu a kan farar takarda, kuma takarda ba ta da hasken kanta. Shi ya sa wasu launuka masu ƙyalli, musamman kore da shuɗi masu tsananin haske, ba sa taɓa fitowa yadda aka gan su.

Inda abin ya fi ciwo shi ne fuskar mutum. Mai gyaran hoto da ya bar hasken allonsa a ƙarshe zai ga fuskar baƙin mutum ta fito sarai, da kumatu da goshi da zanen da ke fuskar dattijo Bagobiri. Ya aika firinta, sai hoton ya fito duhu, idanu da farar hula kaɗai ake gani. Washegari sai ya wuce gona da iri wajen ƙara haske, mutum ya fito fari kamar ba shi ba. Maganin mai sauƙi ne. A rage hasken allo zuwa daidai hasken ɗaki, a zaɓi saitin sRGB idan akwai shi, a buga hoto ɗaya na gwaji, a riƙe shi kusa da allon da rana, a yi ta daidaitawa har su yi kama. Wanda ya yi haka sau ɗaya ya tsirar da tawada da takarda na watanni.

Rana, zafi da ƙura

Yawancin shaguna ƙofarsu a buɗe take, tana kallon titi, hasken rana na shigowa kai tsaye. Allo mai fuska mai sheƙi zai zama madubi a irin wannan wuri. Wanda fuskarsa ba ta ƙyalli shi ya dace. Ana auna ƙarfin haske da ma'aunin da ake kira nit, kuma allunan ofis kan kasance tsakanin 250 da 350. Mai shagon da rana ke shiga ya nemi na 300 ko sama, ya kuma ajiye allon yadda ƙofa za ta kasance a gefensa, ba a bayansa ko bayan mai aiki ba. Tambarin HDR da ake mannawa a kan alluna masu araha bai cancanci ƙarin ko sisi ba, domin haskensu bai kai ya nuna abin da tambarin ke alkawari ba.

Kamfanoni da yawa na rubuta cewa allonsu zai yi aiki lafiya har zuwa zafin digiri 40. A ƙasar Sakkwato zafin bazara kan wuce haka a watannin Maris, Afrilu da Mayu, kuma ɗaki mai rufin kwano ya fi waje zafi. Saboda haka kada a manna bayan allo da bango, kada a rufe ramukan shan iskarsa yana aiki, a kuma kashe shi idan an tashi sallah ko cin abinci. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Tana shiga ta waɗannan ramuka ta kwanta a kan kayan wuta, ta riƙe zafi. A rufe shi da ƙyalle bayan an tashi aiki. In za a goge fuskar, a fara kaɗe ƙurar a hankali, sannan a bi da tsumma mai laushi da aka ɗan jiƙa. Goge busasshiyar ƙura da ƙarfi na kankare gilashin, fesa ruwa kai tsaye kuma na iya gangarawa ciki ya ƙona shi.

Lissafin wuta

Jihar Sakkwato na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, amma duk mai sana'ar kwamfuta a wannan yanki ya san cewa sola da janareta su ne madogara. Nan ne girman allo ke zama nauyi na kullum. Allon zamani mai inci 24 kan ci wat 20 zuwa 25. Mai inci 32 da 4K na iya cin ninki biyu ko fiye. Tsofaffin manyan alluna masu kauri, waɗanda aka yi kafin fitilun LED su yaɗu, sun fi kowa ci, ga kuma zafi.

A ɗauki batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin wanda aka saba haɗawa da sola. A lissafi yana riƙe da wutar da za ta kunna kayan wat 1200 na awa ɗaya, amma in ana son ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa, wato 600. Allo mai cin wat 25 a aikin awa 8 zai sha 200, kashi ɗaya cikin uku. Mai cin wat 60 zai sha 480, kusan duka, tun ba a kunna kwamfuta da firinta da fanka ba. Wanda ya sayi babban allo bai yi wannan lissafi ba zai tarar da cewa ya sayo wa kansa bukatar sabon batir da ƙarin farantin sola. Adadin wutar na rubuce a takardar da ke manne a bayan allon ko a littafinsa, kuma rage haske na rage cin wuta sosai.

Hawa da saukar wutar janareta kuma ita ce ke kashe alluna da yawa. Sitabilaiza ko ƙaramin UPS ba ado ba ne. Akwai fa'ida ga allon da ke da adafta a waje irin ta laftof: idan wuta ta yi ɓarna, sau da yawa adaftar ce ke ƙonewa, a sayi wata. Wanda kayan wutarsa ke ciki sai an kai shi wurin mai gyara a birni.

Ramuka, wayoyi da ƙarfin kwamfuta

Allo ba ya nuna fiye da abin da kwamfuta ta aiko masa. Ramin VGA mai launin shuɗi, wanda kamfanin IBM ya fito da shi tun 1987, har yanzu yana jikin tsofaffin kwamfutoci da yawa, amma a babban allo rubutunsa kan yi dishi-dishi. HDMI da DisplayPort sun fi shi tsabta. Su ma suna da matakai. Tsohon HDMI mai lamba 1.4 na iya aika 4K, amma hoton sau 30 kawai yake sabuntuwa a daƙiƙa, sai a ga kibiyar linzami na tafiya da ƙyar. Sai HDMI 2.0, wanda ya fito a 2013, ko DisplayPort 1.2, ke kai shi sau 60. Mai tsohuwar laftof ta hannu da ya sayi allon 4K zai iya biyan kuɗin abin da kwamfutarsa ba za ta iya ba shi ba.

Sau 60 a daƙiƙa ya ishi mai rubutu da mai zane. Alluna masu 144 ko fiye na masu wasannin kwamfuta ne. Haka nan alluna masu manhajojin kallon fim a cikinsu, duk armashinsu na rataye da intanet. Mutanen da suka ga yadda aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar a watan Satumba na 2021, har da Sabon Birni da Isa, sun san cewa kayan sana'a nagari shi ne wanda ke aiki ko da sabis ko babu. Abin da ya fi waɗannan amfani shi ne ƙafa mai ɗagawa da sunkuyawa, da ramuka huɗu na baya da ake ɗaura allo a bango da su.

Wasu kan ce me zai hana a yi amfani da talabijin ɗin bango, tunda ta fi girma kuma ta fi araha. Don nuna wa ɗalibai darasi daga nesa, ta yi. Don zama gabanta ana rubutu, akwai matsala. An ƙera ta ne don kallo daga mita biyu ko uku, takan yanke gefunan hoto, takan ɓata ƙananan haruffa masu launi, kuma akan ji jinkiri tsakanin motsa linzami da motsin kibiya. Wanda ba shi da zaɓi ya nemi saitin kwamfuta ko na wasa a cikinta, abin zai ragu.

Gwaji a gaban mai kaya

Yawancin allunan da aljihun matashi zai iya ɗauka na hannu ne, waɗanda ake kira Beljiyam, da ke shigowa ta kasuwannin Legas irin Computer Village da Alaba, su iso Kano da Sakkwato. Akwai nagari a cikinsu, musamman allunan ofis na Dell da HP da Lenovo. Amma gani ya kori ji. Mai saye ya tafi da laftof ɗinsa da wayarsa, da filashi ɗauke da hotuna biyar na launi zalla, fari, baƙi, ja, kore da shuɗi, da shafin rubutu, da hoton fuskar wani da ya sani.

Mai kanti zai ce, "Malam, wannan ai sabo ne fil, ka ga yadda yake ɗaukar ido." Amsar ita ce, "Haka ne Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa, amma a ba ni minti goma in haɗa da tawa." Ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya ƙin wannan.

A buɗe farin hoto ya cika allon, a matso kusa a bi shi kusurwa-kusurwa. Baƙin ɗigo da ba ya motsi mataccen ɗigo ne. Rawaya-rawaya a gefe alamar tsufa ce, tabo mai haske kuma alamar an taɓa danne gilashin. A juya zuwa baƙi, a kare hasken waje da hannu ko kwali, a duba ko haske na tsiyaya daga gefuna. Ja da kore da shuɗi za su tona ɗigon da ya maƙale a launi ɗaya. A buɗe rubutu a karanta ƙananan haruffa. A tashi tsaye, a koma gefe, a ga ko fuskar da ke hoton ta canza. A rage haske sosai a kalli allon ta kyamarar waya: idan layuka na gudu a jikinsa, fitilarsa na ƙyaftawa ne, kuma wasu mutane kan samu ciwon kai daga haka. A gwada kowane rami da kowane maɓalli. A bar shi a kunne na ɗan lokaci, domin wani aibin sai ya ɗumama yake fitowa. Daga ƙarshe a karɓi rasit mai lambar allon, a kuma nemi kwali da soso. A mota a tsaye ake ɗaukar allo, ba a kwance a ƙarƙashin buhuna ba.

Ido da wuya

Ido ya fi allon tsada. Tazarar da ta dace tsakanin ido da allo ita ce kimanin tsawon hannu, babban allo kuma ya fi son a ƙara ja da baya. Saman allon ya yi daidai da ido ko ya ɗan yi ƙasa, don kada a wuni ana ɗaga kai. Inci 32 a kan siririn tebur na sa mutum juya wuya dama da hagu har yamma. Likitocin ido na ba da shawarar a ɗauke kai duk bayan minti 20, a kalli wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da ido, wannan shawara ta ƙara zama dole.

Abin da ya dace da wa

Mai buga takardu da cike fom, inci 24 Full HD mai gilashin IPS ya ishe shi, kuma batirinsa zai kai shi dare. Mai zane a CorelDraw da gyaran hoto a Photoshop, inci 27 QHD mai cika sRGB shi ne inda kuɗi da amfani suka haɗu, in dai kwamfutarsa za ta iya ɗauka. Inci 32 mai 4K na mai haɗa bidiyo ne da ke da kwamfuta mai ƙarfi, tebur mai faɗi da wuta wadatacciya. Makaranta ko cibiyar koyar da kwamfuta kuwa gara ta sayi matsakaita da yawa da ta sayi manya kaɗan, domin yawan yaran da za su samu wurin zama shi ne riba.

Matasan da ke riƙe da waɗannan shaguna a ƙasar Gobir suna aiki ne cikin yanayin da jari ke wuyar taruwa, kuma kuskure ɗaya a saye na iya cinye ribar watanni. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. A wannan fage nagari shi ne allon da mai shi ya san yawan ɗigonsa, ya san irin gilashinsa, ya lissafa wutarsa, ya kuma gwada shi da kwamfutarsa kafin ya biya. Idan waɗannan huɗu sun cika, sai a yi maganar inci.